Kada A Share Sito

Abu ɗaya na roƙe su, kuma ba mai wuya ba ne: kada wadda ta taɓa sito. Kada a share, kada a wanke bango, kada a ɗaure bututu da tsumma, har sai mai binciken da gwamnati za ta aiko ta zo ta gani da idonta. Mu uku ne rak muke sharar ginin, ni da Mak Cik Senah, wato Goggo Senah, da Akka Kamachi, wato Yaya Kamachi, kuma ƙaramar cikinmu, wato ni, na ba arba'in baya. Ban zaci sai na yi ta nanata magana kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya ba.

Ginin na gwamnati ne, hawa huɗu, a bakin kogi, da ofisoshi iri-iri a ciki. Amma mu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Na ɗan kwangila ne, kuma duk bayan 'yan shekaru sai a sake ɗan kwangilar, a sake mana launin riga, a ce mu sababbin ma'aikata ne. Mak Cik ta riga yawancin shugabannin ginin shiga cikinsa, amma har yau sabuwa ce. Kamfani ya zo, kamfani ya tafi, sito dai yana nan inda yake.

A ƙarƙashin bene yake, jikin banɗakin maza na ƙasa. Nan kamfani yake tara jarkokin asid da na maganin wanke banɗaki, nan kuma aka ce mu riƙa hutawa. Nan muke cin abinci. Nan ni da Mak Cik muke salla ɗaya bayan ɗaya, don wurin ba ya ɗaukar mutum biyu a tsaye, nan Akka take ɗora kumburarriyar ƙafarta a kan jarka ta ɗan runtsa. Ba taga. Bututun banɗaki ya bi ta saman kanmu yana ɗiga. In an rufe ƙofa ido ya yi ta ruwa, in an buɗe kuma ma'aikatan ofis su aiko a ce wari ya dame su.

Sai dai wanda ya leƙa ba zai ce wurin ya kai haka muni ba, domin mu muke rufa wa siton asiri. Duk Juma'a Mak Cik sai ta dirje bangon kafin funfuna ta kama shi. Kullum sai an sake tsumman da ke naɗe a bututu, kullum sai an kwashe ruwan da ya taru a ƙasa. Ba wanda ya sa mu. Hannu ne ya saba, ba ya iya wuce datti bai tsaya ba.

Da aka sabunta kwangila a farkon shekara, sai gwamnati ta sa wa kamfani sharuɗɗa, aka liƙa su a allon sanarwa kusa da lif, na'urar hawa bene. A ba masu shara wurin hutu mai iska, daban da inda ake ajiye magungunan wanki. A ba su safar hannu da takunkumi. Kada a kori wanda ya kai ƙara. A can ƙasa ga lambar waya. Safar hannu dai mun gani sau ɗaya, 'yan mitsi-mitsi, ko yatsun Akka biyu ba su shiga ba. Wurin hutu kuwa, Encik Rosdi, wato Malam Rosdi, sufabaizanmu, ya ce ai muna da shi.

Kullum nakan goge gilashin allon nan, in karanta, in wuce. Ranar da Mak Cik ta idar da sallar azahar tari ya sarƙe ta, ta durƙusa tana neman numfashi, hannunta ɗaya dafe da jarkar asid, ranar ban wuce ba. Na fita bakin kogi na buga lambar, na faɗi sunana, Norizan, na faɗi na ginin, ban rage komai ba. Ni haka nake. Marigayiya uwata takan ce bakina ya riga hankalina fara tafiya.

Ba a yi mako ba Encik Rosdi ya tare ni a wurin ajiye babura.

"Kak Izan," ya ce, wato Yaya Izan, yadda suke gajarta sunana, yana murmushin nan nasa da ba ya kaiwa ido, "na ji an ce kin iya waya."

"Ai ba don ado aka rubuta lambar ba, Encik."

"Haka ne, haka ne. Haƙƙinki ne. Ba mai korar ki, an hana." Ya sa babban yatsa yana goge madubin baburina. "In mai bincike ta zo ta ga laifi, shi ke nan, kamfani zai gyara, ke kuma ba mai taɓa ki. In kuwa ta zo ba ta ga komai ba, to, ba ƙara ke nan ba, surutu ne. Akwai wata makaranta da muke sharewa can hanyar garin Tapah, cikin gonakin kwakwar manja, suna neman mace mai kuzari irinki. Canjin wurin aiki ai ba kora ba ne."

Ya san abin da yake faɗa. Kowa a ginin ya san mijina Sabri yana kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Kowa ya san kullum in an ba mu hutun rana nakan hau babur in tsallaka gada, in juya shi, in sake masa zane, in ba shi abinci a baki, in dawo a guje. 'Yarmu tana aiki a wata masana'anta can a birnin Penang, sai ƙarshen wata muke ganinta. Makarantar nan kuwa, ko gudun tsiya na yi, hutun zai ƙare ban kai rabin hanyar gida ba. In aka kai ni can, ko dai Sabri ya wuni cikin fitsarinsa, ko in bar aikin, kuma da aikin muke ci.

Shi ya sa na tara su a sito na ce a bar shi ya nuna ainihin fuskarsa.

"Wato mu zauna cikin ƙazanta da gangan," in ji Mak Cik.

"Ba ƙazantarmu ba ce, Mak Cik, ta kamfani ce. Mu ne dai muke ɓoye masa ita."

"A nan nake sa goshina a ƙasa, Izan."

"Ki hau masallacin hawa na uku mana, na 'yan kwanakin nan."

"Da wannan rigar? In shiga sahun matan ofis ina warin banɗaki, su riƙa matsawa a hankali suna yi mini murmushi?"

Akka Kamachi ta gyara ƙafarta a kan jarka. "Ni dai na yarda. Shekara nawa ina jira wani ya ce mini kada in yi aiki. Izan, 'yar albarka, ki haɗa da hawa na biyu ma, ki ce kada a share."

Mak Cik ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce, "Allah ya sa ta zo da wuri."

Ba ta zo da wuri ba. An ce Talata, ranar Talata aka ce ta tafi taro. An ce mako mai zuwa, mako mai zuwa ruwa ya cinye hanya. Damina ta kankama, kullum da la'asar sai an sheƙa ruwa, siton kuwa ya samu abin da yake so. Funfuna ta faro daga kusurwa, toka-toka, ta koma kore, ta koma baƙa, ta hau bango har ta wuce tsayina. Tsumman bututu ya ruɓe ya faɗo. Ruwa ya kwanta a ƙasa, takardun jikin jarkoki suka jiƙe suka saɓule. Kyankyasai suka daina gudu in mun buɗe ƙofa.

Ni da na kafa dokar, ni na fi kowa shan wuyarta. Ban taɓa sanin ƙin yin aiki yana gajiyar da mutum haka ba. In shiga ɗaukar tsintsiya, sai in tsinci hannuna ya kai kan bango da tsumma, in fizge shi. In hau hawa na huɗu, in sauko in leƙa ko wata ta taɓa, in koma, in sake saukowa. In ji ƙarar mota a ƙofar gini in ruga taga, ashe mai kawo takardu ne. Teburin da na goge sai in sake goge shi, har wani akawu ya ce, "Kak, za ki cire masa fenti." A gida ma ban samu zama ba. Ina ba Sabri kunun shinkafa ina kallon waya, har cokali ya wuce bakinsa ya zuba a filo. Da bakin nan nasa da ya karkace ya ce, "Zauna." Na zauna, kafin ya haɗiye lomar na sake miƙewa.

Abinci muka koma ci a bayan gini, kan dakalin da ke kusa da na'urorin sanyaya ofis, iska mai zafi tana hura mana ƙeya. Mak Cik ta buɗe shinkafar kwakwarta a ganyen ayaba, ta yi loma biyu, ta naɗe. Tarinta ya lafa tun da muka bar zama a ciki. Na nuna mata hakan, ta ce jiƙon citta ne da take sha.

"Jiya na yi mafarkin bangon nan," ta ce.

"Ya ce a gaishe mu?" in ji Akka.

"Ke Kamachi ba ki da ta ido. Gidanki ma haka kike barinsa?"

"Gidana ko a ƙasa kika zubar da miya sai ki lashe. Amma gidana nawa ne. Wannan kuwa ko na mutu ina dirzarsa ba za a ba 'ya'yana gadonsa ba."

"Ni dai inda nake ci nake salla ɗakina ne, ko na wane ne."

Na ce, "Mak Cik, saura kaɗan. Don Allah ki ɗaure hannunki. In ba don ƙirjinki ba, don maigidana Abang Sabri."

"Na ji," ta ce, tana kallon kogi.

Ranar wata Juma'a da yamma Encik Rosdi ya zo da labari: mai bincike za ta zo Litinin da safe, tabbas. Na tsaya a ƙofar sito na harɗe hannuwa, ina jira ya ce a wanke, in gaya masa abin da na tanadar masa tun daga gida. Bai ce ba. Ya leƙa, ya toshe hanci da hankici, ya girgiza kai a hankali kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Ku bar shi yadda yake," ya ce. "Kada a ce na sa ku ɓoye wani abu. Puan Haslinda sunanta, daga birnin Ipoh, mutuniyar kirki. Ta ce a nan za ta zauna da ku, ku yi hira, ni ba na ciki. Za ta ɗau hotuna a kai wa manya, wataƙila ma a haska a wurin taro." Ya nuna wata ƙusa da mukullin motarsa. "Wannan farin mayafin sallar na wace ce? Naki ne, Mak Cik? Bar shi a nan, zai fito sosai a hoto. Ayya. Wa zai ce a nan Mak Cik Senah take salla, ita da duk ginin nan ake misali da tsabtarta."

Ya tafi. Na yi dariya na ce kun gani, ya sare. Akka ba ta yi dariya ba, Mak Cik take kallo. Mak Cik kuwa ta sauke mayafin daga ƙusa, ta shinshina shi, ta ninke ta sa a jaka. Sai daga baya na tuna cewa uwar Encik Rosdi ma shara ta yi a asibiti har ta tsufa, a hannun irinmu ya tashi.

Asabar da Lahadi ban san yadda suka wuce ba. Na wanke labulayen gidana, na wanke bayan firiji, na yanke wa Sabri farcen da bai taru ba. Ranar Lahadi na buga wa Mak Cik waya, ba ta ɗauka ba. Na ce wa raina tana gidan biki, ai lokacin bukukuwa ne.

Litinin da safe, tun daga baranda na ji ƙamshin pandan, ganyen nan da ake ajiyewa a ɗaki don ya kore wari, na san an taɓa siton.

Ƙofar siton a buɗe take. Bango fari tas har yana ɗaukar ido, ba wankewa kawai aka yi ba, an shafa farar ƙasa. An naɗe bututu da sabuwar roba, an ɗaure da waya, an sakaya shi da labule mai furanni. An shimfiɗa leda a ƙasa, a kanta tabarma. Ga 'yar fanka a kan kujera, ga ganyen pandan a kusurwa, ga faranti an kife da murfi, ga butar shayi. Jarka ko ɗaya babu. Mak Cik tana tsaye a tsakiya da sabon ɗankwali, hannayenta sun yi jajir duk sun tsattsage.

"Ina jarkokin?" na ce.

"Na fitar da su ƙofar baya don in wanke ƙasa." Muryarta ta dishe, da ƙyar take fita. "Da na koma ɗauko su, motar kamfani ta kwashe."

"Ranar Lahadi. Motar kamfani ta zo wucewa ranar Lahadi."

"Maigadi ne ya buɗe mini. Ban san ya kira kowa ba."

"Mak Cik, kin kashe ni. Kin san kin kashe ni kuwa?"

"Baƙuwa ce, Izan. Tun daga Ipoh za ta taso. A ina za ta zauna? A kan me za a ajiye mata shayi?" Idonta ya kawo ruwa amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Ɗana ya ce wa surukansa a ofis nake aiki, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ki ce in bari a haska hoton nan, manya suna shan ruwan sanyi suna cewa ga inda mai shara take sa goshi? Da bakinmu za mu gaya mata. Ai tana da kunne."

Na juya kan Akka. Ta ɗaga hannu biyu. "Ni labule kawai na riƙe mata yanzu da safe. Na zo na tarar an gama. In bar tsohuwa a kan kujera ta faɗo ta karye?"

Bokitin da Akka ta goge baranda da shi yana gefe, ruwan ciki baƙi ƙirin. Na sure shi. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga, ruwa yana tangal-tangal.

"Watsa mana," in ji Akka a hankali. "Ni ban ga komai ba."

Na kalli bangon, na kalli tabarmar. Hannuna ya ƙi. Haushin kaina da na ji a lokacin ya fi na Mak Cik da na Rosdi a haɗe. Na kai bokitin kwata na juye, na ɗauraye shi, na kife.

Puan Haslinda, wato Malama Haslinda, 'yar siririya ce, da kaɗan ta girmi 'yata, da jaka a kafaɗa. Ta cire takalmi a ƙofar sito ba wanda ya ce mata, ta gaida Mak Cik da hannu biyu, ta zauna a tabarma. Mak Cik ta buɗe faranti, soyayyar ayaba ce da kuih, wato 'yar wainar kwakwa, ta tsiyaya shayi mai madara.

"A nan kuke hutawa?" in ji Puan.

"A nan, Puan. Ƙarami ne, a yi haƙuri da mu. Ci mana tun da zafinsa."

"Magungunan wanki fa, ina ake ajiyewa?"

"A nan," na ce. "Jarka kan jarka har rufi. Jiya aka kwashe."

Ta dube ni. "Ke ce kika kira mu."

Na miƙa mata wayata, na nuna mata hotunan da na ɗauka. Ta daɗe tana kallo, tana buɗa su da yatsu biyu. Sannan ta ajiye wayar a tabarma.

"Encik Rosdi ya ce da gangan aka bar wurin ya lalace don a ɗauki waɗannan. Ya ce ke kika hana a share, ke kuma kika sa aka shigo da jarkokin. Mak Cik, da gaske ta hana a share?"

Mak Cik ta ƙura wa butar shayi ido. Mace ce da ko a cinikin kifi ba ta iya ƙarya.

"Ta hana, Puan. Amma ba da mugun nufi ba."

"Jarkokin fa?"

"Wani lokaci a nan, wani lokaci a waje," ta ce, don dai jiya ta fitar da su waje.

"Kina da wata damuwa da wurin nan? An ce kina tari."

Na ga tarin yana taso mata. Na ga ta danne shi, jijiyoyin wuyanta suka tashi, don kada ta yi tari a kan abincin baƙuwa. Matar da ɗazun nan ta ce da bakinmu za mu faɗa.

"Tsufa ne, Puan. Alhamdulillahi, ana lallaɓawa."

"Puan, ki dawo bayan mako biyu," in ji Akka. "Bangon nan da kansa zai yi miki bayani."

Na miƙe na fizge labulen, ƙusa ta yi tsalle ta faɗa cikin faranti. "Ga bututun. Na banɗakin maza ne, a kanmu yake ɗiga muna cin abinci." Muka ɗaga kai mu huɗu muna kallon bututu. Muka yi ta kallo. Ko ɗigo ɗaya bai sauko ba, don Mak Cik in ta ɗaure abu ya ɗauru.

Puan Haslinda ba wawiya ba ce. Ta shafa bango, ta dubi farar ƙasar da ta kama yatsanta, ta dubi hannayen Mak Cik. Ta ce rashin taga za ta rubuta, za a ba kamfani shawara ya sa fanka mai zuƙe iska. Amma abin da aka kai ƙara a kai, wato haɗa wurin hutu da magunguna, ba ta same shi ba, kuma abin da ta samu shi za ta rubuta.

"Zan nemi a bar ni in dawo ba sanarwa," ta ce mini a bakin ƙofa tana sa takalmi. "Gine-ginen da ke hannuna suna da yawa, Kak. Ba zan yi miki alkawarin rana ba."

Ta ci ayaba ɗaya don kada Mak Cik ta ji ba daɗi, Mak Cik kuma ta ƙunsa mata sauran ta ci a mota.

Kafin Juma'a jarkokin sun dawo sito. Farkon wata ni kuma na fara aiki a makarantar hanyar Tapah. Na sake buga lambar, aka ce canjin wuri ba kora ba ne, amma za a duba. Ranar da na bar ginin Mak Cik ta biyo ni har wurin babura da wani abu a leda. Na tada babur na bar ta a tsaye.

Tun asuba nake fita. In ajiye wa Sabri ruwa da biskit inda hannunsa mai lafiya zai kai, in sa masa tsohuwar waya a gefen filo, in bar mukulli ƙarƙashin tukunyar fure ko maƙwabciya za ta leƙa, ita ma kuma aiki take zuwa. In dawo da magariba in tarar da abin da zan tarar. Sabri bango kawai yake kallo. In wanke shi, in jiƙa zannuwa, ƙarfina ya ƙare kafin in kai ga wanki. Zannuwa suka taru a baho, kwanuka suka taru a wurin wanke-wanke, gidan ya ɗauki warin da ni kaina sai na tsaya a ƙofa na ja numfashi kafin in shiga. Bayansa ya fara yin ja. Na san ba za mu kai ƙarshen wata a haka ba.

A makarantar nan, rana tana take tsaka sai ƙafata ta fara neman babur. In zaga filin ƙwallo, in dawo, in sake zagawa, in duba waya, in mayar aljihu. Ran nan na kasa daurewa na buga wayar gefen filo. Ko ba zai iya magana sosai ba, in dai ji numfashinsa. Aka ɗauka. Tari na fara ji, tarin Mak Cik.

"Izan? Ni ce. Na juya shi, ya sha kunu rabin kwano. Ya so ya yi mini kunya, na ce na yi jinyar mijina shekara da shekaru, ba abin da ban gani ba. Na shafa masa mai a bayan, amma ki kai shi a duba. Keken maigadi na hau, ai ya san bai isa ya hana ni ba. Kamachi ta riƙe mini hawa na ɗaya. Gobe ita za ta zo, jibi ni, in dai Rosdi bai farga ba."

Na jingina da bangon aji. Ina da maganganu masu zafi da na tanadar mata, kullum a kan hanya nake jera su. Akwai kuma godiya, wadda ban shirya ba. Amma abin da ya faɗo mini shi ne bahon zannuwa a tsakar ɗaki, da kwanuka, da fon da ban zubar ba, da Mak Cik Senah tsaye a tsakiyarsu tana gani. Kunya ta rufe ni.

"Mak Cik," na ce, "ai da kin gaya mini za ki zo, da na ɗan gyara gidan."

Maganar ta riga ta fita. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Ta cikin wayar na ji ruwan famfo yana zuba a baho.

"Ina kike ajiye sabulu?" ta ce.